Inna a Rumfar Masara

Shekarar da na kawo Inna New York na koyi leƙen kwanon mutum ba tare da ya lura ba. Sai in kai mata abinci ɗaki, in fito, in ɗan ba ta lokaci, sannan in koma kamar na manta wani abu, idona a kan kwano. Kullum abu ɗaya nake tararwa. Ta ɗan gutsuri gefen tuwon, ta shafa miya a wurin don a ce an ci, ta rufe. In na yi magana ta ce, "Na ƙoshi, 'yar nan. Cikin tsofaffi ba shi da girma."

Allah ya yafe min, amma wannan ba gaskiya ba ne, kuma ni da ita duk mun sani. Matar da a unguwarmu a Zariya ba a ɗora tukunyar biki sai an aika an kira ta, wadda za ta wuni a kan murhu tana kora 'yan mata nan da can, da yamma ta zauna da ƙawayenta su share tire guda na shinkafa suna shewa, ita ce yau za ta ce min cikinta ba shi da girma?

Na san abin da ke cinta. Bayan Baba ya rasu ta fita takaba, ba wanda zai riƙe ta. Mu biyu ne 'ya'yanta da suka rayu, duk mata, ƙanwata kuwa tana aure a ƙauye, ita ma da ƙyar take ji da kanta. Na yi ta zirga-zirgar takardu har Allah ya nufa aka ba ta izinin zuwa. Ina ta murna na ɗauko uwata, ashe na kawo ta inda ta fi jin kunya a duniya ne, wato gidan suruki. A wajen Inna, mace mai mutunci ba ta tarewa a gidan mijin 'yarta, balle ta buɗe baki ta ci abin da ya nemo. Sau ɗaya ta taɓa faɗa min, muna ninke kaya, ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Wai ni ce yau yaron nan yake fita cikin sanyi ya nemo ya ciyar. Da an bar ni a ɗakina, ko ƙanzo na jiƙa zan ci da daɗi."

Gidanmu a unguwar Parkchester ɗaki biyu ne da falo, kicin ɗin kuma a buɗe yake, ba inda mutum zai ɓuya. Maigidana direban tasi ne, kuma bawan Allah ya yi iya yinsa. In ya shigo sai ya durƙusa daga bakin ƙofarta ya gaishe ta, kansa a ƙasa, ita kuma ta ja mayafi ta amsa tana kallon bango. Ya koma cin abincinsa a mota don kada su haɗu. Ya sa na gaya mata cewa da albashina na asibiti ake cefane, shi haya kawai yake biya. Ta ce, "To, ni a titi nake kwana?" Likita ya duba ta ciki da waje ya ce bai ga ciwon komai ba, amma in ta ci gaba da ramewa haka dole a kwantar da ita a sa mata ruwa. Ni kuwa jinyar tsofaffi ce sana'ata. Na sha ganin wanda ya daina ci, kuma na san ba ya daɗewa. Tsoro nake ji ƙwarai, tsoron kada in zama na ɗauko uwata daga garinta don kawai in binne ta a ƙasar mutane.

Maganar jirgin ruwa maigidana ne ya zo da ita. Wani fasinja da ya ɗauka ne ya ba shi labarin wata doguwar hanyar ruwa da mutanen zamanin da suka haƙa a arewacin jihar, can nesa da birni, inda ake ba da hayar jirgi mai wurin kwana, mutum ya tuƙa da kansa yana bin garuruwa. Ya ce, "In ta ga fili ta sha iska, ƙila ranta ya buɗe." Na ce, "Kai da ko kwale-kwale ba ka taɓa shiga ba?" Ya ce wanda ya yi shekaru yana tuƙi cikin cunkoson unguwar Manhattan ba abin da zai gagare shi tuƙawa. Na yi tsaki a raina, amma na haɗa kaya, don ni dabarata ta ƙare.

Da lokacin zafi ya kankama muka ɗauki hutu muka tafi. Mai jirgin ya nuna masa yadda ake tayarwa da yadda ake tsayarwa, yana ta gyaɗa kai kamar a ruwa aka haife shi. Jirgin dogo ne siriri, da gadaje, da ɗan kicin, da banɗakin da in ka shiga sai dai ka fito da baya. Tafiyarsa kuwa ko mai tallan nono za ta wuce shi. Duk da haka, a madatsar farko, inda ake rufe jirgi tsakanin ƙofofin ƙarfe a cika ruwa ya ɗaga shi sama, gwanin Manhattan ya gwara mana hancin jirgin da bango har butar Inna ta kife. Wai iska ce. Ranar ko ganye ba ya motsi.

Abin da ba mu yi tunani ba shi ne jirgin ya fi gidanmu matsi. Labule ɗaya ne tsakanin suruka da suruki. Inna ta samu wani lungu a can baya ta zauna, ta ba mu baya, carbi a hannu. Ga ruwa, ga bishiyoyi, ga agwagi suna bin mu, ga gonakin masara iya ganinka, ita ko a jikinta. Shayi kaɗai ke shiga cikinta, shi ma sai ta faki maigidana ya sauka ɗaure igiya. Washegari na ja shi gefe na sauke masa haushina cikin raɗa. Na ce, "Ka ga abin da ka jawo? Ka kawo ta inda ko tari ta yi sai ka ji." Ya ci gaba da kallon ruwa. Wallahi da ya mayar min da magana da na fi samun sauƙi.

A haka muka iso wani ƙaramin gari da hantsi. Tun kafin mu ga gidaje muka fara jin ganga da ƙaho. An ɗaura tutoci a kan gada, jirage sun yi layi a bakin ruwa, an kafa rumfuna a kan ciyawa tun daga gadar har gindin wata tsohuwar coci. Bikinsu ne na shekara-shekara da suke yi in masara ta nuna. Niyyarmu mu tsaya mu sayi burodi da ƙanƙara mu wuce, don akwai wata madatsa a gaba da ake rufewa da yamma, in ba mu ƙetare ta ba ba za mu mayar da jirgin a kan lokaci ba.

Na duba taron, ban ga baƙar fata ko ɗaya ba, balle mai hijabi. Na juya zan ce wa Inna ta zauna a ciki yanzu za mu dawo, sai na gan ta a tsaye, ta dafa ƙarfen jirgin tana shaƙar iska. Hayaƙin itace ne ya taso daga wajen rumfunan. Tun da ta zo ƙasar nan ba ta ji ƙanshin wutar itace ba.

Ta ce, "Bikin wa ake yi?"

Na ce, "Ba na kowa ba ne, Inna. Na gari ne."

"Aure ko suna?"

"Ba aure ba suna. Haka kawai suke taruwa su ci su sha su yi kiɗa."

Ta yi min irin kallon da take min tun ina yarinya in na kawo mata zancen banza. "Ana biki babu mai shi? To wa ya ɗora waɗancan tukwanen? Aljanu?"

Ta nuna wata babbar rumfa kusa da ruwa. An jibge masara ɗanya a gefe, tsibi guda ya kusa kai ƙirjin mutum, ga manyan tukwane suna tafasa, ga dogon murhun gashi. Mata ƙalilan ne a ciki suna ta kai da kawowa, a tsakiyarsu wata dattijuwa doguwa, farin gashi an yanke shi gajere, ludayi a hannu tana nuna wannan tana nuna wancan. A gaban rumfar kuwa mutane sun yi dogon layi.

Inna ta ce, "Ga uwar bikin can. Ba ki ga yadda take haƙi ba? Aiki ya sha kansu, ga ƙarti da mata sun jeru sun zuba musu ido, ba mai kama musu. Wane irin gari ne wannan?"

Na ce, "Inna, saya suke yi. Sayarwa ake yi, ba rabo ba."

Ko ba ta ji ba, ko ta yi kunnen uwar shegu da ni. Ta shige ciki, sai ga ta ta fito ta ɗaure ƙugu da mayafi a kan hijabinta, a hannunta kwalbar yajin da na taho da ita don gasa kaza. Ta ce ba za ta shiga wa mutane gidan biki hannu rabbana ba. Maigidana ya sa katakon sauka ya kau da kai, ni na riƙe ta ta taka ƙasa. Hannun nan da na riƙe duk ƙashi ne.

Na bi ta a baya. Na san ƙasar nan. Na san yadda ake kiran 'yan sanda a kan abin da bai kai ya kawo ba. Tsohuwa baƙa, da hijabi, ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, za ta kutsa inda ake wuta da wuƙaƙe a garin da ba wanda ya san mu. Ina ta "Inna, dakata, Inna, tsaya mu yi magana," ita kuwa tana ratsa mutane tana musu sannu, suna matsa mata.

A bakin rumfar ta tuɓe takalmanta ta jera su a gefe. Ta yi sallama da ƙarfi, ta ce, "Sannunku da aiki! Allah ya sa a yi taro lafiya." Ta nufi dattijuwar nan, ta ɗan rusuna, ta miƙa mata kwalbar da hannu biyu. Matar ta karɓa tana kallona, bakinta a buɗe. Na fara kame-kame da Turanci, ina cewa mahaifiyata ce, ba ta daɗe da zuwa ba, ta ɗauka biki ne irin namu, a yi haƙuri, yanzu za mu tafi. Kafin in kai ƙarshen zancen, Inna ta riga ta zauna a ƙasa gaban tsibin masarar ta fara ɓarewa.

Sai ga wani mutum ya zo, da hula hana-salla da kati rataye a wuya. Bai yi tsawa ba, gaskiya, amma ya faɗa a fili cewa ba a yarda kowa ya shiga nan ba sai waɗanda aka rubuta sunansu, doka ce ta masu duba abinci, ga shi kuma ba takalmi a ƙafarta. Kunya ta rufe ni, haushi kuma ya taso min, na rasa ko da shi nake fushi ko da ita ko da kaina. Na sunkuya na ce, "Inna, tashi mu tafi. Sun ce ba a so."

Hannunta ya tsaya cak a kan masarar. Ta ɗago ta dubi mutumin, ta dube ni, sannan ta ajiye masarar a hankali ta fara kwance mayafin da ta ɗaure ƙugu da shi. Ina kallo fuskarta ta koma irin wadda na saba gani a ɗakin nan na Parkchester. Na ji kamar in kurma ihu.

Dattijuwar ce ta yi magana. Ta ce wa mutumin, "Wannan tare da ni take. Je ka rubuta ta." Ya buɗe baki zai ce wani abu, ta nuna masa hanya da ludayi, ya tafi yana sosa ƙeya. Ta ciro rigar girki daga wani kwali ta rataya wa Inna a wuya da hannunta, ta ba ta safar hannu ta roba, ta kifa bokiti ta bubbuga shi alamar ta hau ta zauna. Sannan ta ce da ni in gaya mata ta mayar da takalminta, akwai garwashi a ƙasa.

Inna ta ce, "Me ta ce?"

"Ta ce ki sa takalminki, kada ki taka wuta."

"Yauwa, kin ji magana. Wannan ta san ya kamata." Ta sake ɗaure ƙugu. Safar hannun ce dai ba ta yi mata ba, ta ce an mai da ita kamar mai karɓar haihuwa, amma ta sa.

Matar ta buɗe kwalbar ta sunsuna. Kafin in hana ta, ta ɗebo da cokali ta zuba a baki kamar sukari. Innalillahi! Fuskarta ta yi jajir, hawaye ya zubo, ta yi ta tari tana dafa teburi, amma da ta samu numfashi sai ta ɗaga wa Inna babban yatsa. Inna ta gyaɗa kai ta ce, "Ta san daɗi." Aka ajiye kwalbar kusa da gishiri da man shanu. Yawancin masu saye kallonta kawai suke yi su wuce.

Na tsaya a gefe don in riƙa yi musu tafinta. Inna ta ɗago ta ce, "Ke wa ya kira ki? In ba za ki kama aiki ba, matsa ki ba mutane wuri."

Haka aka kore ni. Ni da maigidana muka shiga yawo cikin bikin kamar marayu. Muka ga motar kashe gobara an wanke ta tana ƙyalli, yara suna hawa suna danna jiniya. Muka ga tsofaffi da jajayen riguna suna busa ƙaho. Muka ga an juye agwagin roba cikin ruwa daga kan gada, manyan mutane masu furfura suna bin gaɓa da gudu suna ihu, kowa yana kiran tasa ta yi sauri. Maigidana ya ce lallai mutanen nan ba su da matsala a duniya. Can ya tsaya yana lumshe ido, wai wani ƙanshin gashi ya ji mai tayar da hankali, mu je mu gani. Muka sha kwana sai ga alade guda a kan ƙarfe ana juya shi, har da kansa. Ya yi a'uziyya ya ja da baya, ni kuwa na yi dariyar da na manta rabon da in yi irinta.

Amma duk inda muka zaga, ƙafata sai ta dawo da ni bayan rumfar nan in leƙa. Tsibin masarar yana ta raguwa. Zuwa azahar Inna ta bar bokiti ta koma kan murhun gashi, tana juya masara da dogon ƙarfe, gumi yana bin fuskarta. Ita da dattijuwar suna ta hira, wannan da Hausa, waccan da Turanci, ba wadda ke jiran ɗaya ta gama. Na ji Inna tana ba ta labarin wani biki da aka yi a unguwarmu da ruwan sama ya kashe musu wuta, matar kuma tana ba ta amsa da zancen ciwon gwiwarta, sai su kwashe da dariya tare. Har yau ban san me kowacce ta ɗauka ɗayar ke faɗi ba.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa. Na ga matar ta shafa wa masara man shanu ta miƙa mata, Inna ta girgiza kai ta nuna layin mutane. Ruwa kawai ta kurɓa. Tsohuwar da ba komai a cikinta sai shayin safe, tana tsaye gaban wuta cikin wannan rana. Na san yadda irinsu ke yanke jiki su faɗi. Da ta zo jirgi yin salla na tare ta da ayaba, ta ture hannuna ta ce, "Ana aiki ana ci? Sake ni in koma kada su ce na gudu."

Da la'asar ta yi, maigidana ya nuna min agogo. Ya ce in ba mu tashi yanzu ba za a rufe madatsar. Na tafi rumfar da niyyar ɗauko ta, ga dalili na samu mai kyau. Na tarar tana yi wa wata budurwa faɗa a kan yadda take barin masara ta ƙone gefe ɗaya, tana kama hannunta tana nuna mata, muryarta har waje, irin muryar da na tashi da ita. Na daɗe a tsaye ina saurare. Na koma na ce masa, "Ba inda za mu." Ya ce, "Dama ban kwance igiyar ba." Ya kira mai jirgin ya ba shi haƙuri.

Rana ta yi sanyi kafin layin ya ƙare. Aka kashe wuta, aka wanke tukwane, Inna ba ta fito ba sai da ta share rumfar tas. Sannan matan suka raba abin da ya rage a tsakaninsu, kowacce da nata. Dattijuwar ta ɗauko babban tire ta shaƙe shi da masara da dafaffen dankalin Turawa da soyayyen kifi, ta rufe ta miƙa wa Inna. Na riƙe numfashi, don na san ta da ƙin karɓar abin hannun mutane. Ta sa hannu biyu ta karɓa ba musu. A wajenta wannan ba kyauta ba ce, kason wadda ta yi aikin biki ne, kuma ba a barinsa.

Ta yafito ni ta ce, "Yanzu kina da amfani. Tambaye ta, har an watse ban ga amaryar ba."

Na fassara. Matar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ba amarya, abin da aka samu rufin ɗakin karatun garin za a gyara da shi. Na gaya wa Inna. Ta ce, "Au, ashe aikin gayya ne! To ai da kin faɗa tun farko, kin tsaya kina min kwana-kwana."

Na juya zan yi wa matar godiya, sai ta riga ni. Ta dube ni, ta dubi wuyan hannun Inna, ta ce a hankali, "Yaushe mijinta ya rasu?" Ban gaya mata an yi mana rasuwa ba. Ta ce nata ma bai daɗe ba, kuma 'ya'yanta sun so su hana ta rumfar bana, wai ta zauna ta huta. Ta ce hutun nan ya kusa kashe ta. Ta rungume Inna, Inna ta sandare don ba ta saba ba, sannan ta ɗan bubbuga bayanta ta jero mata addu'a mai tsawo, ni ina amsa amin a madadinta.

Ko sunanta ban tambaya ba, kuma ban sake ganinta ba. Da ta bar mutumin nan ya yi aikinsa ba wanda zai ga laifinta, doka tana gefensa. Ban san me zan biya ta da shi ba sai addu'a, kuma ina yi. Inna ma har gobe in ta idar da salla sai na ji ta tana cewa Allah ya saka wa uwar bikin nan da alheri, ya ba ta lafiyar gwiwa. Ashe wannan ɗin ta gane.

Ta naɗe mayafinta ta yi gammo, ta ɗora tiren a ka, ta ratsa filin nan a miƙe, Turawa suna buɗe mata hanya. Na ce ta kawo in ɗaukar mata, ta ce in kiyaye ta. Da muka shiga jirgi maigidana ya yi maza ya koma bayan labule. Ta sauke tiren, ta wanke hannu, ta ce in miƙo mata faranti. Ta zaɓi kifin da ya fi tsoka, ta zaɓi masara manya, ta jera dankali a gefe, ta kifa wani farantin a kai.

Ta ce, "Kai wa mai gidan. Ki ce in ji ni."

Tsakaninsu bai fi miƙa hannu ba, amma na ɗauka na zaga labulen na kai masa. Ya karɓa da hannu biyu yana durƙushe, ya ce, "Na gode, Inna. Allah ya ƙara girma."

Na dawo na tarar ta jawo tiren tsakiya ta gyara zama. Ta ce, "Matso ki sa hannu." Ta yi bisimilla ta ɗauki masara. Na sunkuyar da kai kamar ina cire ƙayar kifi, ina jin ƙarar haƙoranta. Ta cinye ta ajiye totuwar, ta ɗauki dankali, ta ce gishirinsa ya yi yawa, ta gaya wa matar ba ta ji ba. Ta ɗauki wani. Ta jawo kifi ta bi shi har ƙaya. Ni kuwa hawaye ya hana ni ganin abin da ke gabana.

Ta ce, "Ke kuma kukan me kike yi? Ci, zai huce."

Sannan ta juya wajen labulen ta ɗaga murya. Tun da ya aure ni ban taɓa jin ta fara yi masa magana da kanta ba. Ta ce, "Malam, ka ci ka ƙoshi. In bai isa ba ka yi magana, akwai ƙari a wajena."